Rigar da Alhaji Mijinyawa Ya Tuɓe

Alhaji Mijinyawa ba ya barin kiɗa a gidansa, kuma duk wanda ya san shi a Stratford ya san haka. Ko talla ce ta zo a talabijin da ɗan kiɗa a ciki, shi zai miƙa hannu ya rage murya har ta wuce. Tun yana da ƙarfinsa ya zo London yana tuƙa wani attajiri. Attajirin ya koma gida, shi ya zauna ya ja motar haya har gwiwa ta ƙi. A flat ɗin da hukumar unguwa ta ba shi suka reni 'ya'yansu shi da matarsa Hajiya Mero. Duk sun yi aure sun watse, saura autarsu Zarah.

To Zarah ce ta zo da maganar wani yaro, Suhaib, ɗan gidan masu hali, yana aikin haɗa magani a wani kanti a Whitechapel. Alhaji ya sa an bincika. Yaro yana sallah, ba ya shaye-shaye, yana gaida manya. Abu guda aka samo: yana kiɗa. Da kwamfuta yake yin sa a ɗakinsa, har yana fitar da faifai ana saye.

"Makaɗi ke nan," in ji Alhaji.

"Baba, producer ne."

"Ko me Turawa suka sa masa. Wanda ya buga abu mutane suka taka, a garinmu sunansa makaɗi. Ni kuma ban taɓa jin an ɗauki 'ya a gidanmu an ba makaɗi ba."

Zarah ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wayarsa ta yi 'yan danne-danne ta mayar masa.

"Na sa maka sabon faifansa. Ka saurara tukuna. In ka ji kalmar banza ko ɗaya a ciki, I'll drop it, na bar maganar."

"Wane iri ne?"

"Trance ake ce masa."

"Me ke nan da Hausa?"

"Kiɗan da ke ɗauke hankalin mutum, har ya manta inda yake."

"Bori."

"Ba bori ba ne, Baba!"

"Ai kin gama faɗa da bakinki."

Ya dai karɓa, don yana son hujjar da zai kafa mata ta yi shiru. Dama likita ya ɗora masa tafiyar ƙafa kowace safiya saboda sukari. Washegari da hantsi ya cusa abin ji a kunne, ya ja hular sanyi ya rufe, ya kama hanyar bakin ruwan nan da ya ratsa filin shaƙatawa.

Da farko haushi ya ji. Dum, dum, dum, kamar mace ɗaya tana daka ba ta gajiya. Babu waƙa, babu amshi, ba a kira sunan kowa ba. Ya ce a ransa, wane irin kiɗa ne wannan da ba a yi wa kowa shi ba? Can sai wani abu ya shigo a hankali yana kacau-kacau. Ba a jima ba wata ƙaramar ganga ta biyo ta gefe, ita ma ta samu wuri ta zauna. Haka ake ta ƙaro su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ture wata. Zarah ta gaya masa tsofaffin kiɗe-kiɗe ne, na Suhaib da na abokansa, ya warware ya sake haɗawa. Alhaji ya ga kamar aikin telan da ke juya tsohuwar riga ne, sai dai wannan telan ba ka ganin inda ya bi da allura. Ba ka sanin inda wani kiɗan ya ƙare wani ya fara.

Sai da ya ɗaga kai ya ga ya wuce gadar da yake juyawa a kanta, ya yi nisa, gwiwar kuwa ba ta ce komai ba. Ƙafafunsa ne ke bin dakan nan ba da izininsa ba.

Daga nan yaron ya yi abin da ya ɗaure masa kai. Ya janye gangunan gaba ɗaya, ya bar wata siririyar ƙara kamar iska na busa waya. Alhaji ya tsaya cak. Ya ji ƙirjinsa ya cika, yana jira, bai san me yake jira ba. Ƙarar tana hawa, tana hawa, kwatsam sai komai ya dawo lokaci guda. Tsigar jikinsa ta tashi.

"A'uzu billahi," ya ce, ya fizge abin daga kunne.

Washegari ya mayar, wai don ya tabbatar.

Sunayen kiɗe-kiɗen da Turanci aka rubuta, shi kuwa karatun bokonsa bai kai nan ba, sai ya raɗa musu nasa. Na farko Mai Daka. Akwai Tafiyar Raƙumi, mai jinkiri da rangaji, wanda ya fi daɗi in ana yayyafi. Akwai wani da bai so ba sam, an sa muryar mace tana ta nanata abu guda kamar an tsare ta a rijiya. Wannan ya sa masa Ɓata Lokaci, kuma ya ƙudura in da za a tambaye shi sai ya ce a cire. Amma can wajen ƙarshe akwai wanda bai iya sa wa suna ba. A cikinsa, bayan an janye komai an bar mutum yana jira, abin da ke dawowa gangar noma ce, ta gaske, irin wadda ake bugawa a bayan manoma ranar gayya.

Rabonsa da jin ta tun yana yaro a ƙauyensu wajen Ringim. Yana tuna ranar da makaɗi ya bi mahaifinsa daga wannan kunyar gona zuwa waccan yana buga takensa, tsohon yana ta zuba noma har ya bar sa'o'insa a baya. Da aka kai ƙarshen gona ya tuɓe rigarsa, ita ke nan gare shi mai kyau, ya yafa wa makaɗin, ya taho gida da ɗan bante da fartanya a kafaɗa. Ba wanda ya ce ya yi wauta. Haka namiji ke yi in kiɗa ya biya shi.

Abin kunya dai ya samu Alhaji, ga shi ba wanda zai gaya wa. Mutumin da ya hana 'ya'yansa ko fito a cikin gida, shi ne kullum yake ɗokin gari ya waye ya sa hula ya fita. In ya dawo ya yi ta istigfari, gobe ya koma. Wata safiya ya yi kiciɓis da amininsa Malam Nata'ala, wanda suke sahu ɗaya a masallacin Whitechapel.

"Alhaji, wane malami kake ji haka har da gyaɗa kai?"

"Wani ne. Ba ka san shi ba."

"A turo mana mu ma mu ƙaru mana."

"Sai na gama," in ji Alhaji, ya wuce da sauri kunnuwansa na zafi.

A gida in Zarah ta ce, "Baba, ka ji kuwa?" sai ya ɗaure fuska ya ce yana kan bincike. Hajiya Mero ce ta kama shi ran nan yana ƙwanƙwasa murfin kwanon tuwo da yatsu.

"Alhaji, kwanon laifi ya yi maka?"

Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta.

Da abin ya ishe shi sai ya ce da Hajiya ta gaya wa yarinyar nan su turo manyansu. Bai faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar Asabar bayan azahar suka zo. Baffan yaron ne ya jagoranta, Alhaji Baha'uddeen, dattijo mai gidaje a nan da can, maganarsa a hankali kamar yana auna ta. Ya zo da wani ƙanensa, da goro da alawa. Suhaib ne ya tuƙo su, ya tsaya a mota a ƙasa yadda ya kamata. Da a gida ne, ƙannen Alhaji Mijinyawa za su karɓi baƙin, shi ko ganinsa ba za a yi ba. A nan ba shi da kowa, sai ya sa Malam Nata'ala ya yi magana a madadinsa, shi ya zauna gefe cikin babbar rigarsa ta shadda mai ruwan toka, wadda ba ya sa ta sai Idi. Abin da ake so da shi kawai ya yi shiru.

Aka gaisa, aka sha ruwa, aka yi addu'a. Alhaji Baha'uddeen ya faɗi abin da ya kawo su. Sannan ya gyara zama ya ce:

"Akwai wata magana da muka ji tana damun Alhaji, gara mu taɓo ta da kanmu. Wannan kiɗe-kiɗen. Wallahi mu ma ba da son ranmu ba ne, ba a san gidanmu da shi ba. Ƙuruciya ce da zaman Turai. Mun zaunar da shi, ya yi alkawari zai bari, kayan kiɗan ma za a fitar da su daga ɗakin. Ni an kunna mini, ban yi minti guda ba kaina ya ɗau ciwo. Hayaniya ce kawai."

Malam Nata'ala ya buɗe baki zai ce madalla.

"Ba hayaniya ba ce."

Duk suka juya. Alhaji Mijinyawa ne.

"Minti guda ka ji, Alhaji? Ai a minti guda ko sallama bai gama ba. Kiɗan nan ba a yi masa gaggawa. Sai ka bar shi ya jera kayansa tukuna."

"Alhaji," in ji Malam Nata'ala a hankali, yana taɓa masa gwiwa.

"Bar ni, Nata'ala. A ce za a fitar da kayan? A kai su ina? Kun san abin da yaron nan ya yi da gangar noma kuwa? Ku kira mini shi."

Baƙin suka dubi juna. Ƙanen ya buga waya, Suhaib ya hawo, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa.

"Kai, gangar nan ta wajen ƙarshe, ina ka samo ta?"

"Baba, wani tsoho ne a ƙauyen kakata. Da na je hutu na roƙe shi ya buga, na yi recording. Ya ce rabon da a kira shi gona har ya manta."

"Kun ji ko? To ku saurara."

Ya zaro waya, ya lalubo wurin, ya ƙure murya. A falon da ba a taɓa jin kiɗa ba, a gaban baƙin neman aure, ga goro a faranti. Aka janye ganguna, siririyar ƙarar nan ta fara hawa. Alhaji ya ɗaga yatsa yana cewa ku jira, ku jira. Da gangar ta faɗo bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya kama wuyan babbar rigar ya zare ta ta kai, hularsa ta faɗi, ya taka ya yafa wa Suhaib ita a kafaɗa.

"Ka biya, makaɗi! Wallahi ka biya! Allah ya bar mana kai!"

Ba wanda ya motsa. Wayar na ta bugawa a kan tebur har sai da Malam Nata'ala ya miƙa hannu ya kashe.

Suhaib a nan aka haife shi, bai san ma'anar irin wannan kyauta ba. Ya shafa aikin wuyan rigar yana murmushi ya ce, "Na gode, Baba."

"Tashi," in ji baffansa. Ya riga ya miƙe, fuskarsa ba annuri. "Alhaji, mu neman aure muka zo, ba roƙo ba. A gidanmu mu ne muke tuɓe riga mu bayar, ba a taɓa tuɓe mana ba. In ba za ka ba mu 'ya ba, sai ka ce ba za ka bayar ba, mu yi godiya mu tafi. Ba sai ka tara mu ka nuna mana inda ka ajiye ɗanmu ba."

"Alhaji, ba haka..."

"Mun gode da ruwa."

Suka fita. Baffan ya tasa yaron a gaba, rigar na kafaɗarsa, hannunta ɗaya na jan ƙasa.

Alhaji Mijinyawa ya tsaya tsakiyar falo daga shi sai 'yar ciki, kai ba hula. Sai a lokacin abin ya sauko masa. Shi da ya ce ba ya ba makaɗi 'ya, shi ne ya kira yaron makaɗi a gaban iyayensa, ya kuma yi masa kyautar da ake yi wa maroƙa.

Malam Nata'ala ya ɗauko hular ya kaɗe ya miƙa masa. "Wannan ne malamin da ban sani ba?"

Ya karɓi hular ya kifa a kai.

Hajiya Mero ta leƙo daga kicin, ta dube shi sama da ƙasa, ta koma. Zarah ce ta fito, idanunta jawur. Duk sun ji komai ta bayan ƙofa.

"Baba, ashe kana so? All this time?" in ji ta. "Kullum ina tambayarka kana ce mini bincike. Da ka gaya mini, ai da ni ka yi wa wannan a ɗaki, ba su ba."

Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Kwanakin da suka biyo ba ya fita tafiyar safe. Zarah na zuwa aiki tana dawowa, tana gaishe shi yadda ta saba, abincinta kuwa yadda aka zuba haka ake ɗaukewa. Malam Nata'ala ya yi ta buga waya ana ce masa Alhaji Baha'uddeen ba ya kusa. Da ƙyar ya same shi, ya zo da amsa.

"Ya ce magana ɗaya ce. Ka je da ƙafarka ka karɓi rigarka, a gaban waɗanda aka bayar a gabansu. In ka karɓa, an shafe, kamar ba a yi ba."

"In karɓi kyautar da na yi?" Alhaji ya zaro ido. "Nata'ala, a garinmu wanda ya ba makaɗi riga ya dawo ya karɓe, har jikokinsa sai an yi musu gori."

"To nan ba garinku ba ne. Kuma shi abin da yake so ke nan, a ce ba makaɗi ka ba ba. Ka zaɓa, ko rigar ta zauna can ko yarinyar ta zauna nan."

Ya kwana biyu yana juya abin. Ya ga dai shi ya ɓata, kuma ba Zarah ce za ta biya ba.

Suka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi da Malam Nata'ala har yammacin gari, wani gida mai ƙofar ƙarfe da shuke-shuke. Aka kai su falo. Alhaji Baha'uddeen na zaune, ga ƙanensa, ga Suhaib a ƙasa kan kafet. Rigar na kan tebur a ninke, har guga an yi mata.

Bayan gaisuwa Alhaji Mijinyawa ya ce, "Na zo ba da haƙuri. Na yi abin da bai dace da shekaruna ba."

"Ni abu ɗaya nake so in ji daga bakinka," in ji mai gidan. "Raini ne, ko me?"

Alhaji ya dubi kafet.

"Ba raini ba ne. Kiɗan ne ya shige ni. Tun da aka sa mini shi a waya, kullum da safe sai na ji shi daga farko har ƙarshe. Na ɓoye wa iyalina, na ɓoye wa wannan da ke zaune. Da ka ce za a fitar da kayan sai na ji kamar ni za a yi wa rashi. Abin da na ga ubana ya yi shi na yi, ban tuna a inda nake ba."

"Kai, Alhaji? Kai da aka ce mana ko talla ba ka bari ta yi kiɗa a gidanka?"

"Ni."

Ƙanen ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Alhaji ya gani, ya haɗiye.

"To ga ta nan," in ji Alhaji Baha'uddeen.

"Baffa, ni fa ina son ta," in ji Suhaib. "Ba wanda ya taɓa ba ni..."

"Rufe mana baki."

Tsakanin kujerarsa da teburin ba nisa, amma sai da Alhaji Mijinyawa ya dafa gwiwa ya miƙe kamar mai ɗaukar buhu. Ya sa hannu biyu ya ɗauki rigar. Bai iya duban yaron ba. Ya koma ya zauna da ita a cinya.

"Shi ke nan, ya wuce," in ji mai gidan, muryarsa ta sauko. "Goronmu yana nan ko kun cinye?"

"Yana nan yadda kuka bar shi," in ji Malam Nata'ala.

"To Asabar mai zuwa za mu dawo mu ƙarasa. Amma don Allah, Malam, wannan karon kai kaɗai za ka yi magana."

"Ko ɗaure shi ne zan yi."

Aka yi dariya, ban da Alhaji Mijinyawa. Har sun miƙe sai ya tsaya, ya yi kamar zai fasa, ya dai ce:

"Alhaji, alfarma ɗaya. Kayan nan nasa, a bar masa."

Alhaji Baha'uddeen ya girgiza kai.

"In ya zama surukinka, sai ku ƙarata can ku biyu. Ni dai kada a kunna mini."

Suhaib ya rako su bakin ƙofa da leda a hannu, ya durƙusa ya buɗe ta. Alhaji ya zura rigar ciki yana kallon wani wuri. Da suka fita titi ya miƙa wa amininsa waya.

"Kira Hajiya ka gaya mata ta gaya wa yarinyar. Ni bakina ba zai iya ba."